Tsakiyar kaka: yadda ƙungiyar ƙwallon kwando ke tsallake Janairu da Fabrairu da ƙafafunta

Mataimakin Koci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na buɗe wannan zaren ne don waɗanda suka yi aiki a cikin ƙungiyar ƙwararru su zuba abin da suka sani a kan abu guda, wato tsakiyar kakar wasa. Da fari kowa da ƙarfinsa yake zuwa, a ƙarshe kuma kowa ya san abin da yake nema. Tsakiyar ce ke cin ƙungiya. A NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wasa 82 ake bugawa daga Oktoba zuwa Afrilu, 41 a gida, 41 a waje. Daga shigowar Janairu zuwa hutun All-Star, wato wasan baje kolin taurari na tsakiyar Fabrairu, nan ne jifa ke fara bugun gaban ƙarfen kwando, kuma mutum ya zubar da ƙwallo ya tsaya yana kallo maimakon ya ruga baya tsaro.

Bari in fara da rabon mintuna. Wasan NBA minti 48 ne, mutum biyar a fili, ke nan minti 240 koci yake rabawa kowane dare. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, minti 40 ne, jimilla 200. Kuskuren da ya fi yawa shi ne koci ya ga an sha kashi uku a jere, sai ya matse masu shiga daga goma zuwa bakwai ko takwas, ya ɗora wa taurarinsa minti 38 zuwa 40. Zai iya cin wasa biyu da hakan, amma bashi ya ci, kuma a Maris zai biya. Mutum takwas na lokacin fitar da gwani ne, wato wasannin neman kofi bayan an gama wasa 82 ɗin. A Janairu a riƙe tara ko goma. In kana da taurari biyu, kada ka zaunar da su tare: ɗaya ya fita a minti na shida na kwata ta farko, ya dawo farkon kwata ta biyu tare da 'yan benci, lokacin ɗayan ke hutawa. Da haka ba za a taɓa barin fili babu mai iya ƙirƙirar jifa ba.

Mai Gashin Ƙashi:
Wa alaikumus salam, Malam Koci. Mintunan wasa rabin labari ne. Mu abin da muke ƙirgawa shi ne nauyin mako gaba ɗaya, har da atisaye. Hanyar ba ta buƙatar na'ura: bayan kowane atisaye ko wasa, a bar ɗan wasa ya huce kamar minti 30, a tambaye shi wahalar daga 1 zuwa 10, a ninka da mintunan da ya yi. Atisayen minti 70 da ya ba 6, maki 420 ke nan. A tara na mako, a kwatanta da matsakaicin makonni huɗu da suka wuce. Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne ɗan bencin da ya saba minti 10, babba ya ji rauni, dare ɗaya aka mayar da shi 30. Tsokarsa ba ta san wannan nauyin ba. Shi ya sa duk wanda bai kai minti 15 a wasa ba, ana ba shi gudu da uku-da-uku bayan an tashi ko washegari da safe, don ranar da za a neme shi a same shi a shirye.

Tsokar sha-raɓa nake so in daɗe a kai, domin ita ce mai yaudara. Bayan kwana goma ɗan wasa zai ce ba ya jin komai, yana tafiya lafiya, yana jifa lafiya. Amma tashi daga tsaye da ƙarfi, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa, shi ne gwajin gaskiya, kuma nauyin a kan agara yake sauka. Kevin Durant ya dawo daga ciwon sha-raɓa a wasa na biyar na ƙarshen gasar 2019, agararsa ta tsinke a kwata ta biyu. Tyrese Haliburton ma da ciwon sha-raɓa ya shiga wasa na bakwai a 2025, agara ta tsinke a kwata ta farko. Waɗannan wasannin ɗaukar kofi ne, mutum zai iya fahimtar kasadar. A Janairu babu wasan da ya kai a yi ta.

Matakan dawowa ba a tsallake ko ɗaya. Ya iya ɗaga dunduniya a ƙafa ɗaya sau 25 ba ciwo, kuma adadin ya yi kusa da na lafiyayyar ƙafar. Sai gudu miƙe, sai gudu da karya kwana, sai ɗaya-da-ɗaya, uku-da-uku, biyar-da-biyar. Tsakanin kowane mataki a jira safiya a ga yadda ƙafar ta kwana, domin tauri da kumburin washegari sun fi maganar ɗan wasa gaskiya. In ya dawo fili, minti 18 zuwa 20, a gutsuttsura huɗu ko biyar, kuma ba ya buga dare biyu a jere a makonni biyun farko.

Mai Kaya:
Yallaɓai Mai Gashi, maganar dare biyu a jere ita ce tamu. Ga yadda daren yake tafiya. A tashi wasa wajen ƙarfe goma. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya an haɗa jakunkuna, jiƙaƙƙun riguna a buhu daban. Jirgi ya sauka ƙarfe biyu ko uku na dare, in kuma daga yammacin Amurka aka nufi gabas, agogo ya ƙara cinye awa uku. A irin wannan ranar soke atisayen jifa na safe shi ne daidai. A bar su su yi barci har ƙarfe sha ɗaya, sannan a tara su a babban ɗakin taro na otal, a shata raga da layin maki uku da tef a ƙasa, a taka tsarin a hankali na minti 20.

Kowane ɗan wasa riga biyu da wando biyu na kowace kala, saboda in jini ya taɓa riga sai an canza ta kafin ya ci gaba. Takalmi aƙalla ƙafa biyu da ya riga ya saba da su, tare da shimfiɗar ciki da aka yanka masa. Sabon takalmi ranar wasa bororo yake kawowa. Iskar ƙwallo a NBA tsakanin 7.5 ne da 8.5 a ma'aunin psi, kuma ƙwallon da ta kwana a cikin jirgi ko motar kaya mai sanyi takan sauka, don haka a auna na atisaye bayan sun ɗumama a ɗaki. Denver kuma tana kusan mita 1,600 sama da teku, baƙi suna jin ta a ƙirji tun kwata ta farko, sai a gajarta musu zaman fili a ƙara ruwa. A auna nauyin mutum kafin wasa da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu a mayar da kusan lita ɗaya da rabi kafin ya kwanta.

Mai Bidiyo:
Ta ɓangarenmu matsalar Janairu ita ce kowa ya gama karanta kowa. Wasa 35 ko 40 na bidiyonka yana hannun abokan hamayya. Sun san alamar hannun kocinka, sun san abin da kake bugawa bayan ɗan hutun da koci ke nema ana cikin wasa, sun san dogonka ba ya iya bin mai sauri in an kafa masa shinge a saman da'ira, wato wani ya tsaya ya tare masa hanya. Tsarin da ya ci maki a Nuwamba sai ya daina aiki, mutane su ce 'yan wasa sun yi sanyi, alhali an gano shi ne kawai. Magani ba sabon littafin tsare-tsare ba ne, babu lokacin koyar da shi. A ɗauki tsari uku da aka fi bugawa, a bar shigarsu yadda take, a canza ƙarshensu. Mai tsaro ya ga farkon da ya sani, ya riga ka zuwa inda ya saba, sai a yanka ta bayansa.

Rahoton abokin hamayya kada ya wuce shafi ɗaya, bidiyo kuma kada ya wuce guntaye 12 zuwa 15, cikin minti goma. Gajiyayyen mutum ba ya riƙe fiye da abu uku: hannun da mai ƙwallo ya fi so, wanda ba a bari a layin maki uku, da yadda za mu tare shinge, ko musayar mutum ko dogo ya ja baya.

Mai Lissafi:
Ƙanena Mai Bidiyo ya taɓo inda nake so. Kada a auna ƙungiya da ci da rashin ci na wasa goma, domin wasan da aka rabu da maki biyu ko uku sa'a na da hannu a ciki. A duba makin da take ci da wanda ake ci mata a kowane riƙon ƙwallo 100. Ƙungiyar da ke da nasara da yawa amma wannan tazarar tata kusan sifili ce, faɗuwa na nan tafe. Gajiya kuma tana bayyana a wurare uku kafin ta bayyana a sakamako: makin da ake ci mana da gudu bayan mun zubar da ƙwallo, ƙwallon da abokin hamayya ke sake cafewa bayan ya ɓarar, da yawan ƙeta a kwata ta uku, domin wanda ƙafarsa ba ta kai ba hannu yake sa wa.

Ni ina tare da masu hutar da tauraro. Toronto ta ba Kawhi Leonard wasa 60 kacal a kakar 2018-19, ya buga 24 a zagayen fitar da gwani, suka ɗauki kofi. Golden State kuwa ta bi tarihi a 2015-16, ta ci 73 ta faɗi 9, ta wuce 72 na Chicago na 1995-96, ta zo ta rasa kofin a hannun Cleveland bayan tana gaba da wasa 3 da 1 a jerin da ake neman cin huɗu.

Mataimakin Koci:
Yaya Mai Lissafi, a nan ban bi ka duka ba. Golden State ba gajiya kaɗai ta kayar da ita ba. Stephen Curry santsi ya kwashe shi a zagayen farko da Houston ya ji ciwo a gwiwa, an dakatar da Draymond Green a wasa na biyar da Cleveland, Andrew Bogut ya ji rauni a wannan wasan bai ƙara bugawa ba. Chicago kuma da ta ci 72 ai ta ɗauki kofin, haka Oklahoma City da ta ci 68 a 2024-25. Sannan hutu ba kyauta ba ne. Tun 2012 aka ci tarar San Antonio dala 250,000 don Gregg Popovich ya tura manyan 'yan wasansa gida kafin wasa da Miami. Daga kakar 2023-24 kuma wanda bai buga wasa 65 ba ba ya shiga manyan kyaututtuka irin su gwarzon shekara, kuma wasu kwantiragin suna rataye da waɗannan kyaututtukan. Ka ce wa mutum ya zauna, kana taɓa aljihunsa ne.

Abin da ya fi aiki shi ne a nemo hutun a cikin wasan da kuma atisaye. Wasan da aka yi nisa da maki 20 saura minti shida, a cire shi, kada a bar shi don ya cika adadi. Atisayen gwabzawa na biyar-da-biyar ya koma sau ɗaya a mako, ko ƙasa da haka. Matsayi a teburi ma ba abin wasa ba ne: shida na sama a kowane ɓangare ke wucewa kai tsaye, na 7 zuwa na 10 sai sun sake fafatawa, kuma na 9 da na 10 sai sun ci biyu a jere, kuskure ɗaya sun tafi gida. Miami ta bi ta wannan ƙofar a 2023 har ta kai wasan ƙarshe, amma ba hanyar da za a shirya a kanta ba ce.

Mai Gashin Ƙashi:
Na yarda da rage atisaye, Malam Koci, amma kada a rage ɗaga ƙarfe tare da shi. Nan ake yawan yin ɓarna. Sau biyu a mako, minti 20 zuwa 25, nauyi mai yawa, maimaici kaɗan, uku zuwa biyar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daren wasa bayan an tashi, don ranar wahala ta zama guda, washegari ta zama hutu na gaske. In aka bar ƙarfe wata guda, tsokar bayan cinya da ta matsematsi su ne ke fara kuka.

Mai Kwantiragi:
Salamu alaikum manya. Duk wannan yana komawa kan mutum nawa kake da su. Ƙungiyar NBA tana riƙe 15 a cikakken kwantiragi, da uku masu kai da kawo tsakaninta da ƙaramar gasar G League. Waɗannan ukun wasa 50 kawai aka yarda a sa su a jerin masu bugawa, kuma ba sa shiga zagayen fitar da gwani sai an mayar da kwantiraginsu cikakke. In rauni ya yi yawa a Nuwamba da Disamba aka yi ta jan su, sai a wayi gari a Fabrairu wasanninsu sun kusa ƙarewa, don haka a riƙa ƙirgawa tun daga ranar farko.

Daga 5 ga Janairu ake buɗe kwantiragin kwana goma. Sau biyu kawai za ka ba mutum ɗaya, daga nan ko ka ɗauke shi zuwa ƙarshen kaka ko ka sake shi. A duba jadawali kafin a sa hannu, a zaɓi kwana goman da wasa biyar ko shida suka faɗo a ciki. Kasuwar musayar 'yan wasa tana rufewa a Fabrairu, kuma wanda aka sallama bayan 1 ga Maris ba zai buga wa wata ƙungiya zagayen fitar da gwani ba. Makon rufe kasuwa ɗakin canza kaya yakan yi tsit, kowa na duba waya. Wanda ake ciniki a kansa a kira shi a faɗa masa baki da baki kafin ya gani a labarai, domin sauran goma sha huɗun suna kallon yadda aka yi masa.

Mai Bidiyo:
Ƙari a kan na Yallaɓai Mai Kwantiragi: sabon da aka kawo a Fabrairu kada a zuba masa tsare-tsare duka. Tun yana jirgi a tura masa guntaye 20, goma na tsaro goma na hari. Kalmomin tsaro ake fara koya masa, domin abin da wata ƙungiya ke kira da suna ɗaya, wata da wani sunan take kiransa, kuma daƙiƙa guda ta ruɗani a kan shinge maki uku ne a kusurwa. A hari tsari huɗu ko biyar sun ishe shi makon farko, kuma a haɗa mintunansa da na mai raba ƙwallon da ya fi magana a fili, wanda zai riƙa nuna masa wurin tsayuwa da hannu.