Babbar rigar da na haɗa a Skyrim tana ƙyalli kamar leda

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan ina haɗa mod (ƙarin da ɗan wasa ke haɗa wa wasa da kansa) na babbar riga da rawani a wasan kwamfuta na Skyrim Special Edition, fara ƙal mai aikin aska takwas a ƙirji. A GIMP, manhajar gyaran hoto, komai lafiya lau, har zaren shaddar ana gani. Da na shiga wasan na tsaya a kasuwar garin Whiterun da rana, sai rigar ta ɗau ƙyalli tun daga kafaɗa har ƙasa, kamar an shafe ta da mai. Gezar rawanin kuma da na goge bayanta, sai ta fito cikin baƙin faci. Duka fayilolin hoton a BC1, tsarin matse hoto mara nauyi, na ajiye su, don kwamfutata ba ta da ƙarfi. Abin ya dame ni, domin daga hoton rigar mahaifina na zana aikin nan, zare bayan zare.

Injiniya Gwammaja: Wa alaikumus salam ƙanina. BC1 ɗin nan ne ya jawo maka. Duba fayil mai ƙarewa da _n.dds, wato shuɗin hoton da ke nuna wa wasan tudu da kwarin yadi. Bayan ja, kore da shuɗi, yana da layi na huɗu, alfa, wanda galibi ke nuna inda za a gani ta cikin hoto, amma a wannan fayil ba ruwan alfa da gani ta ciki. Ƙarfin ƙyalli yake riƙewa: baƙi ba ƙyalli, fari ƙyalli tuƙuru. BC1 ba ya iya ɗaukar toka-toka a alfa, sai wasan ya karanta shi fari fat, shi ya sa ko'ina ke walƙiya.

Ka yafa wa hoton abin rufi (layer mask, wanda zai zama alfa) a GIMP, ka shafe jikin yadin da toka mai duhu sosai, zaren aikin kuma ka ɗan haska shi, tunda a zahiri ma zaren siliki ya fi shadda kama rana. Hoton zai yi kamar ya ɓace a allo, kada ka tsorata, launukan suna nan. Sai ka ajiye a BC3, ko BC7 ta manhajar Paint.NET, wanda ya fi tsafta. Batun nauyi kuwa, hoto mai faɗin pixel 2048 a BC1 kusan megabait 2.7 ne da mipmap ɗinsa (ƙananan kwafinsa na hangen nesa), a BC3 kusan 5.3. Gara ka rage shi zuwa 1024 da ka yar da alfa.

Hajara Zinder: Ni gezar zan taɓa, don ta taɓa cinye min dare biyu a kan gashin doki. Goge hoto kaɗai ba ya isa, sai an gaya wa jikin rawanin ya yi aiki da alfa. Buɗe shi a NifSkope, manhajar gyara surar kayan wasan, ka ƙara masa NiAlphaProperty, saitin da ke sa shi aiki da alfa, ka sa lambar 4844, iyakar alfa kuma 128. Na fi son ta a kan 4845, wadda ke gauraya gefe ta yi laushi amma wani lokaci zaren baya ya riƙa fitowa gaban na gaba. Sannan kada ka bar baƙi a ƙarƙashin wurin da ka goge. Ka malala farin yadin ya wuce bakin gezar, in ba haka ba daga nesa za ka ga baƙin kewaye.

Ɗan Kurna: Allah ya saka muku da alheri, Yaya Injiniya da Malama Hajara. Rigar ta kwanta, yanzu aikin ƙirjin ne kaɗai ke kama haske idan na juya. Saura ɗaya: ina so askar ta riƙa ɗan haske da dare.

Injiniya Gwammaja: Wannan fayil na uku ne, _g.dds. Ko'ina baƙi, sai zaren da kake so ya haska. A NifSkope, ka sa shi a gurbi na uku na BSShaderTextureSet, wato jerin hotunan rigar, ka mayar da nau'in zuwa Glow Shader, ka kunna Glow_Map da Own_Emit, kuma ka canja Emissive Color daga baƙi, don in yana baƙi ba abin da zai fito. Hasken ba ya faɗa wa bango ko ƙasa, a jikin zaren kawai yake tsayawa. Ka fara da ƙarfi kaɗan, ka shiga da ita cikin Bleak Falls Barrow, tsohuwar hubbare mai duhu a wasan, ka gani, sannan ka turo mana hoto.