Musayar Waƙa: Kayan da ke Ƙarƙashin Bahar Maliya

Ɗan Masunta:
Salamu alaikum. A Disambar 1991 jirgin Salem Express ya taso daga Jidda, ya daki dutsen ƙarƙashin ruwa dab da Safaga ta Masar, ya nutse da mutum fiye da 400, cikinsu har da masu dawowa daga Umra. Yau masu nutso don shaƙatawa na sauka gare shi, wasu na hawowa da kayan mamatan. Amsa-amonmu "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Jirgi na kwance cikin ruwa,
Mita 30 ba ya motsawa,
Ga akwati, ga tsarabar dawowa,
Wa ya ba ka izinin taɓawa?

Ɗan Koli:
Ɗan'uwa, tsaya ka ji amsawa,
Gishiri ba ya tausayawa,
Tsatsa kullum tana cinyewa,
Abin da ka bari zai zam ɓacewa.
Kusto, Bafaranshe gwanin nutsewa,
A jirgin Tisilgom ya yi ɗaukowa,
Ƙararrawa da babur ya yo hawowa,
Wa ya kira shi mai sacewa?

Malama:
Ƙanena, wannan ba tsintuwa,
Ita tsintuwa sai an yi sanarwa,
Shekara guda ana cigitawa.
Nan mai kayan bai yi nisa da kowa,
Yana ciki, ruwa ya yi rufewa,
An toshe ɗakunan don karewa.
Magadansa na Masar da rayuwa,
Wata ba ta ga gawar ɗanta ba, uwa,
Ka ɗauki tasbaharsa don nunawa?
Hannuna ba ya iya miƙawa.

Maƙeri:
Malama, bari in yi ƙarawa,
Ni ƙarfe na sani tun tasowa.
Wanda ya sha gishiri da daɗewa,
In ya fito iska yai bushewa,
Sai ya tsage ya dinga marmashewa.
Sai an jiƙa shi watanni ana wankewa,
Mai yawon ido bai iya jurewa.

Tisilgom ɗin da kake faɗa, Ɗan Koli, jiragen saman Jamus suka nutsar da shi a Oktoban 1941, mutum 9 suka mutu. Motocinsa na nan jere, amma an ɓalle sitiyarin da yawa. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 kan kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa kuwa sai abu ya shekara 100 a ruwa take kare shi, Salem sai 2091.

Ɗan Koli:
Na ji, na tasbaha na yi janyewa,
Amma in hukuma ta yi cirowa,
Ta rubuta wuri, ta yi adanawa,
Wannan kam ba na hanawa.

Ɗan Masunta:
Wannan daban, ba ma musawa.
Ni dai in na yi saukowa,
Hannu a ƙirji nake naɗewa,
Ƙaramin takalmi na gani a gaɓar hawa,
Na yi wa mai shi addu'a ina wucewa.