Me ya sa Debian ta daɗe kafin ta karɓi RISC-V a hukumance?

Ɗalibin kwamfuta:
Assalamu alaikum. Na ga cewa Debian 13, wato siga ta 13 ta tsarin sarrafa kwamfuta na Debian mai amfani da Linux, wadda ta fito ranar 9 ga Agusta 2025, ita ce ta farko da ta sanya riscv64, wato RISC-V mai bit 64, cikin nau'o'in furosesa da take tallafa wa a hukumance. Tun 2010 aka soma aikin RISC-V, wato buɗaɗɗen tsarin umarnin furosesa, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma rubutun asalin manhajojin Debian a buɗe yake ga kowa. To, me ya hana a sake harhaɗa su kawai, wato a mayar da rubutun zuwa umarnin da sabon furosesan ke ganewa, a wuce wurin?

Mai kula da kunshin manhaja:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a harhaɗa komai, sai kayan harhaɗawar sun san sabon furosesan. GCC, manhajar harhaɗawa, ta karɓi RISC-V a 2017; zuciyar Linux (kernel), wato sashen da ke sarrafa na'ura kai tsaye, a sigar 4.15, glibc kuma, wato tarin muhimman ayyukan da manhajoji ke dogara da su, a sigar 2.27, waɗannan biyun a farkon 2018. A shekarar ne riscv64 ya samu gurbi a debian-ports, wato wurin gwaji na nau'o'in da ba na hukuma ba.

Wahalar da ta fi cin lokaci ita ce dogaron kunshi a kan kunshi. Za ka iske kunshi na ɗaya yana buƙatar na biyu kafin a gina shi, na biyun kuma yana jiran na ɗayan, ga shi babu ko guda a sabuwar na'urar. Dole a fara harhaɗa ƙananan kunsa a kan kwamfuta mai amd64, wato furosesan Intel ko AMD da aka saba da shi, a yanke wasu sassansu na ɗan lokaci, sannan a sake gina su cikakku. Da aka shigar da riscv64 babbar ma'ajiyar Debian a Yulin 2023, sai da aka sake gina komai daga tushe, domin Debian ba ta ɗauko kunsan debian-ports kai tsaye.

Injiniyan na'urori:
Malam ya yi bayani, sai dai ni a ganina na'urorin ginin sun fi zama cikas. Da farko da manhajar QEMU ake kwaikwayon furosesan, abin da ke tafiyar hawainiya. Daga baya aka koma allunan HiFive Unmatched, wato ƙananan kwamfutoci masu furosesan RISC-V na gaske, su ma ba su kai sabar zamani sauri ba. Idan babban kunshi ya ci kwanaki yana ginuwa, gyaran tsaro zai makara, kuma masu fitar da sigar Debian ba sa yarda da hakan.

Ɗalibin kwamfuta:
Na gode, malamai. Ke nan kowane allon RISC-V zai ɗauki Debian 13?

Injiniyan na'urori:
A'a. Mizanin da Debian ta tsayar shi ne RV64GC, wato mafi ƙarancin jerin umarnin da furosesa zai iya aiwatarwa, don haka kunsan za su yi aiki a kan furosesa mai wannan mizani. Tayar da allon kuwa yana hannun zuciyar Linux, kuma alluna da yawa har yanzu da zuciyar da kamfaninsu ya gyara suke tashi. Ka fara bincika ko tallafin allonka ya shiga Linux ta asali kafin ka saya.