Muhawara: Shin dole a cire wa tsohuwar Land Cruiser injin fetur a sa na dizal?

Baban Hafsa, Bukuru: Assalamu alaikum. Na sayi Land Cruiser samfurin 80, ƙirar 1996, mai injin fetur 1FZ-FE na lita 4.5 da giya otomatik, domin zirga-zirga tsakanin Jos da gonarmu ta dankali a wajen Bokkos, inda hanya ke komawa taɓo da zarar damina ta kankama. Kuɗin da na ware wa gyara ba zai ɗauki komai a lokaci guda ba. Yayana ya dage cewa duk wanda ya sayi irin wannan mota, aikinsa na farko shi ne ya sauke injin fetur ya ɗora injin dizal na Toyota mai suna 1HZ, in ba haka ba ya sayi wahala da kuɗinsa. Ina neman ra'ayin waɗanda suka san motar.

Alhaji Mai Hatsi: Wa alaikumus salam. Maganar yayanka tana kan hanya, kuma ina bayanta. Injin nan na fetur yakan sha abin da ya kai lita 18 zuwa 20 a kilomita 100 idan ana yawon gari ko an yi masa lodi, shi kuwa 1HZ mai lita 4.2 yakan tsaya wajen 12 zuwa 13. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan tazara ta zama abin da mutum ke ji a aljihunsa kowane mako. Sannan 1HZ ba shi da kwamfuta, ba shi da fulogin wuta, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, don haka ruwan rafi ba ya kashe shi da sauƙi muddin bai shiga ta hanyar iska ba, kuma yana da ƙarfin ja tun inji bai ɗaga murya ba, wanda shi ake buƙata a cikin laka. Ba banza ba Toyota ta ci gaba da sa shi a samfurin 70 da ake kawowa Afirka shekara da shekaru bayan fitowarsa a 1990.

Injiniya, Rayfield: Ranka ya daɗe Alhaji, ban musa ko ɗaya daga cikin kyawawan halayen 1HZ ba, amma lissafin bai cika ba. Litar dizal a ƙasar nan galibi ta fi ta fetur tsada, saboda haka wani ɓangare na rangwamen yana komawa gidan mai. Abu na biyu shi ne inda muke zaune. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100, domin iska tana ƙara sirancewa. 1HZ yana ba da ƙarfin doki kusan 130 a bakin teku, 1FZ-FE kuwa ya haura 210. Idan aka zaftare kashi goma ko fiye daga 130, aka ɗora buhunan dankali a kan motar da ta haura tan biyu tun babu kaya, direba zai gane bambancin a Hawan Kibo, yana tafe a ƙaramar giya, baƙin hayaƙi na bin sa.

Oga Bakanike, Farin Gada: Bari in shigo ta wajen aikin hannu, domin a gareji ake ganin ƙarshen irin wannan shawara. Mutane suna ɗauka cewa canjin inji a ciro ne a mayar, alhali ba haka ba ne. Sai an daidaita mazaunin inji, sai an samo mahaɗin giya da zai yi daidai da shi, kuma tunda taka otomatik ce, yawanci abin yakan ƙare da sayen giya ta hannu da kuloci da fedarsa. Sai an wanke tanki, an cire famfon fetur na lantarki da ke cikinsa, an sa matatar dizal mai raba ruwa da mai, an ja wayar hitar da ke ɗumama injin dizal kafin a tayar da shi saboda sanyin safiyar hunturu a Jos, an canza salansa. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato birki. Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa, shi kuwa dizal sai da ɗan famfo na musamman, kuma na taɓa karɓar motar da aka yi wa canjin aka bar tiyon iskar birkin yana yoyo. Fedar birkin ta yi tauri kamar an taka dutse, mai ita kuwa a haka ya gangaro da iyalinsa daga Pankshin. Ƙari a kan haka, injin da aka riga aka yi amfani da shi ne za ka saya, a kasuwar kayan gyaran mota ta Dilimi ko Panteka ko Ladipo, ba ka san tarihinsa ba, ga kuma sauya lambar inji a takardun mota.

Alhaji Mai Hatsi: Oga, wannan laifin mai aikin ne, ba laifin injin ba. Idan aka ba wanda ya iya, motar za ta yi shekaru ba a buɗe ta ba.

Oga Bakanike, Farin Gada: Haka ne Alhaji, amma aikin da aka yi shi daidai kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma Baban Hafsa ya ce kuɗinsa ƙididdigagge ne. Motar da ta kai kimanin shekara talatin, abin da ke kashe ta ba irin man da take sha ba ne. A 1FZ, zafi ne babban abokin gaba: lagireto ya toshe, fanka ta daina kamawa, gasket ɗin kan silinda ya ƙone. Akwai wani ɗan gajeren tiyon ruwa a can bayan injin, kusa da bangon da ya raba shi da ɗakin direba, wanda hannu ba ya kai masa da sauƙi, shi ya sa ba a cika canza shi ba, kuma ranar da ya fashe ruwa zai ƙare kafin direba ya lura da allurar zafi. Sannan ka tsuguna ka leƙa bayan tayoyin gaba, wajen ƙwallon ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Idan ka ga baƙin kunu yana zuba, man aksil ya gauraye da giris ke nan, sai an kwance an canza sil da boris an sake cika giris.

Hajiya Mai Gona, Mangu: Ni 1HZ nake hawa, amma da shi motata ta fito daga kamfani, kuma nan ne nake ganin bakin zaren. Ina jin daɗinsa ƙwarai, sai dai shi ma yana da nasa sharaɗin: bel ɗin taimin dole a canza shi duk kilomita 100,000, alhali na fetur sarƙa gare shi, kuma gurɓataccen dizal na bakin hanya yana lalata famfo da nozul. Ƙanena, idan zuciyarka ta kwanta da dizal, ka gyara wannan ka mora, ran da ka samu ta dizal ta asali ka sayar ka saya. A yanzu tayoyi masu haƙora sun fi yi maka amfani a hanyar Bokkos, amma kada ka zarce girman asali da yawa, domin babbar taya tana rage ƙarfin ja kuma tana ƙara wa birki aiki.

Injiniya, Rayfield: Na ƙara da cewa injin fetur ne ke karɓar iskar gas ta CNG cikin sauƙi. Wanda ya cire shi yau ya rufe wa kansa wannan ƙofa, ko da yake tulun yana cin wurin kaya kuma sai an tabbatar da wurin cikawa a kan hanyarka.

Alhaji Mai Hatsi: Na yarda a fara da birki da lagireto, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma ina nan a kan bakana cewa idan aka auna injin aka tarar ya gaji, kada a zuba kuɗi a sake ɗaure na fetur, a nemi 1HZ.

Baban Hafsa, Bukuru: Na gode, Allah ya saka da alheri. Oga, zan kawo maka ita ranar Litinin a auna ƙarfin matsin kowace silinda guda shida, a duba ko ruwa na haɗuwa da baƙin mai. Idan injin lafiya yake, za mu fara da lagireto da tiyoyi da birki da ƙafar gaba, tayoyi su biyo baya kafin ruwan Afrilu. Idan kuwa awon ya nuna ya gaji, zan kawo sakamakon nan, Alhaji da Injiniya su taya ni lissafin kuɗin ɗaure shi da na sayen 1HZ da giyarsa.