Ayon ɗina na golf sama kawai yake aika ƙwallo, ba ta tafiya, don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekara 2 kenan da na fara buga golf a nan Kano, direba (sandar bugun farko mai nisa) alhamdulillah ba laifi, amma ayon (sandunan ƙarfe masu lamba) ne ya hana ni sakat, duk wanda na ɗauka daga 6 har 9 ƙwallon sama take nufa, ta hau ta hau ta tsaya cak sannan ta faɗo kamar mangwaro daga bishiya. Ayon 7 ɗina da ƙyar yake kai yadi 120 alhali abokan buguna suna yin 145 ko 150 kuma ba su fi ni ƙarfi ba. Yanzu da hunturu ya shigo abin ya ƙara muni, Asabar ɗin da ta wuce iska na busowa ta gabana na buga iya ƙarfina, ina kallo ƙwallon ta tsaya a sama ta zube cikin yashi tun ba ta kai girin ba, wato gajeriyar ciyawar da ramin yake, wallahi raina ya ɓaci. Sandunan na hannu ne, wajen wani dattijo na saya, shaf ɗin, wato dogon jikin sandar, girafait ne ba ƙarfe ba, mara nauyi, an rubuta A a jikinsa. In canza sanduna ne ko matsalar a hannuna take?

Wani tsohon kadi (mai ɗaukar wa 'yan golf jakar sanduna) daga Kaduna:
Wa alaikumus salam Yallaɓai. Kafin ka taɓa aljihu amsa min wannan, in ka buga a ina sandarka ke cin ƙasa, kafin ƙwallo ko bayanta? Yawancin wanda na ɗaukar wa jaka da wannan matsala kwasar ƙwallon yake yi kamar da ludayi, yana so ya taimaka mata ta tashi, sai nauyinsa ya zauna a ƙafar baya, wuyan hannu ya karye, kan sanda ya riga hannu isa. Da haka ayon 7 sai ya koma kamar ayon 9 a daidai lokacin da ya taɓa ƙwallo. Ita sanda an riga an kwantar da fuskarta, ita za ta ɗaga, aikinka ka danne. Ka je renji, wato filin atisaye, ka shimfiɗa ƙaramin tawul a bayan ƙwallo da tazarar kamar faɗin tafin hannu, ka sa ƙwallon a tsakiyar ƙafafunka, nauyi ya ɗan fi yawa a ƙafar hagu in kai badame ne, hannunka ya tsaya saitin cinyar hagu. Ka yi rabin suwin kawai, wato rabin lilon sanda. In ka bugi tawul to ka kwasa ne. Guda 30 kullum, ba gaggawa.

Wani likita daga Abuja:
Gaskiya Malam ya faɗa. Ƙanena ka sani tashi sama shi kansa ba aibu ba ne, manyan 'yan wasan PGA, gasar ƙwararrun golf a Amurka, ƙwallon ayon 7 ɗinsu tana hawa wajen yadi 30 sama, amma tana barin sanda a kusan digiri 16 ne ta yi tafiyar yadi 170 da ɗoriya, duk da fuskar ayon 7 ta asali digiri 34 ce ko kusa da haka. Kaga kenan hannu ne ke rage kwanciyar fuskar. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gabanka a tsayar daidai inda sanda ta haɗu da ƙwallo, nan take za ka ga ko hannunka na gaba ko na baya.

Wani Alhaji daga Kano:
Ni dai ban yarda a ɗora wa hannunsa laifin duka ba. Ku duba abin da ya ce, A ke rubuce a shaf ɗin, wannan ai na dattawa ne waɗanda ƙarfinsu ya ragu, an yi shi ne musamman ya lanƙwasa ya cilla ƙwallo sama. Saurayi mai jini a jika ya riƙe wannan dole ta yi sama. Ni ma haka na yi fama har na koma shaf na ƙarfe, Dynamic Gold S300, nauyinsa wajen giram 130, ƙwallona ta sauko ta miƙe. Amma ɗana ban ce ka je ka saya ba, tsalle daga girafait mara nauyi zuwa wannan yana da yawa, zai iya gajiyar da kai tun kafin rami na 12. Ari ayon 7 na abokinka mai shaf ɗin R (matsakaicin tauri) ko S (mai tauri) ka buga 10 da naka 10 da nasa a wuri ɗaya ka gani da idonka.

Wani ɗan'uwa daga Jos:
Maganar iska nake so in taɓa don mu nan filin golf na Rayfield mun san ta. Bugu da ƙarfi cikin iska shi ne babban kuskure, ƙarfin na ƙara wa ƙwallo juyawa ta baya ita kuma iskar gaba ta ɗauke ta sama. Inda ka saba ɗaukar 7 ɗauki 6 ko 5, ka riƙe sandar ƙasa kaɗan, ka ajiye ƙwallo ta ɗan matsa wajen ƙafarka ta baya, ka yi suwin kashi uku cikin huɗu ka ƙare hannunka bai wuce kafaɗa ba. Sannan kar kowa ya ruɗe ka ka kai sandunan a lanƙwasa a wajen maƙeri, ana rage kwanciyar fuskar sanda digiri 1 ko 2 amma da injinsa ake yi, wasu kawunan ma karyewa suke. Ƙwallo ma da ɗan bambanci, Pro V1 ta fi Pro V1x tafiya ƙasa-ƙasa, sai dai wannan kaɗan ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Baba na Kaduna yau da asuba na gwada tawul ɗin, cikin 30 na buge shi sau 19, guda 11 da na tsallake kuwa ƙararsu ma daban ce kuma ƙasar da na yanko tana gaban ƙwallo, abin da ban taɓa gani ba. Alhaji na yi magana da abokina zai kawo min ayon 7 ɗinsa mai R ranar Asabar. Tambayata Baba, sati nawa zan yi a rabin suwin kafin in koma cikakke?