Fad da faifan birkin Hilux: a yi a gida ko a kai gareji?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Hilux Vigo ce ta 2010, mai jan taya huɗu. Birkin gaba yana ƙara, sitiyari na rawa in na taka a guje. Ina da jak da sifanoni. Fad (abin da ke matse faifai ya tsayar da taya) kaɗai zan canza ko har faifai? Zan iya a gida?

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Kwance kusoshin da kalifa (gidan da ke riƙe fad) ke zamewa a kansu, ka wanke, ka shafa girisin silikon. Girisin boris yana kumbura robar.

Oga Mai Gareji: Malam, ba ka karanta ba. Mai jan taya huɗu kalifarta ba ta zamewa, fistan huɗu gare ta. Baban Khalifa, sassauta notin taya da sifana 21 mota na ƙasa, ka ɗaga, ka tokare da sitan ko kututture, kada ka yarda da jak shi kaɗai. Cire wayar da ke riƙe fil biyun kalifa, zare su, fad ya fito. Buɗe murfin man birki kafin ka tura fistan ciki, a hankali, da tsohon fad a tsakani. Noti biyu na bayan kalifa ka kwance su, ka rataye ta da waya, in ta rataya da tiyonta zai tsage daga ciki. Faifan in ya maƙale, akwai ramuka biyu masu zare, ɗaura kusa M8 ta turo shi.

Injiniya Ɗan Zariya: Rawar sitiyari ta faifai ce, fad kaɗai ba zai magance ta ba. Duba gefensa, an buga mafi ƙarancin kauri. In kaurinsa ya fi haka a iya gyara fuskarsa a injin, in ya ragu ya kai nan a jefar. Hagu da dama tare ake canzawa. A kankare tsatsar hob (inda faifan ke zama) da buroshin waya, in ba haka ba sabon ma zai zauna a karkace. A goge man da ke jikin sabon faifai. Kafin ka motsa motar, ka yi ta taka birki har feda ta yi tauri.

Na Panteka: Akwai fad mai araha a nan Kaduna.

Oga Mai Gareji: Wannan ba na kwali ba ne. Na gaske ya fi tsada sosai.

Alhaji Direba: Kwalin ma ba shaida ba ne. Wani maƙwabcina an sayar masa a kwali mai kyalli, da kuɗin na gaske. Sati bai cika ba naman ya ɓare daga ƙarfen, ƙarfe ya ci faifai biyu, ya koma shagon aka ce ba a san shi ba. Rasit ma ba su bayarwa.

Abban Sadiq: Shi ya sa na Beljiyam ya fi.

Injiniya Ɗan Zariya: Fad ɗin da wani ya gama ci?

Oga Mai Gareji: Injiniyan takarda, ka taɓa kwance kalifa kuwa?

Na Panteka: Ku bar Baban Khalifa ya riƙa tafiya da dutse a bodi, ya huta.

Alhaji Direba: Ni masu faci ne damuwata. Su ɗaure noti da bindigar iska, ko yaro ya hau kan sifana yana tsalle. Ɗauri ba daidai ba shi ke kawo rawar nan, ga kusa ta tsinke.

Baban Khalifa: To man birkin fa, DOT 3 ko 4? Kuma sai na fitar da iska?

Na Panteka: Alhaji, masu facin ma iskar taya yanzu nawa suke karɓa a wajenku?