Daga Tawa zuwa Makka, Sin da Barazil: tikiti guda zai yi?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, kayan babur nake sayarwa. Bana ina son in haɗa abu uku a tafiya guda: in yi Umra, in je baje kolin Gwanzu, a ƙasar Sin, na watan Oktoba, sannan in ga ƙanena da ke Sao Paulo a Barazil, wanda rabona da shi tun kafin rasuwar mahaifinmu. Tun muna lakkol nake da burin in fita ta gabas in dawo ta yamma, kuma na ji ana sayar da tikitin zagaya duniya. Mai fasfon Nijar zai iya? Ta ina zan fara?

Hajiyar Yantala:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tikitin yana nan, na yi aiki a ajans ta sayar da biye a Yamai. Ƙawancen kamfanonin jirage ke sayar da shi. Daga filin Diori Hamani, Ethiopian da Turkish suna cikin Star Alliance, Royal Air Maroc kuma ta shiga oneworld a 2020. Sharaɗin Star: ka fara ka ƙare a ƙasa guda, ka miƙe gabas ko yamma, ka ƙetare Atlantika sau ɗaya, Fasifik sau ɗaya, ka gama cikin shekara. Zango bai wuce 15 ba.

Amma tikiti ba shi ne wahala ba, Fasifik ce. Yawancin jiragen da ke tashi daga Asiya su ƙetare ta a Amurka ko Kanada suke sauka, kuma a Amurka ko awa biyu za ka yi a filin jirgi kana jiran wani, sai da biza. Akwai jirgin kamfanin ANA na Japan daga Tokiyo zuwa birnin Meziko, sai dai nan ma ka tanadi takardun Japan da na Meziko. Ka ga kafin ka taka Barazil ka nemi bizar ƙasashen da ba ka da wata buƙata a cikinsu. In da ni ce, Adis Ababa zan mayar mahaɗa: Ethiopian na zuwa Jidda, tana zuwa Gwanzu, tana zuwa Sao Paulo. Ba ka zagaya duniya ba, amma ka ga ƙanenka.

Mai Taya Konni:
Yaya, kayan babur a kashin farko na baje kolin suke, wanda ake buɗewa 15 ga Oktoba, don haka ranar nan za ka kafa, sauran su bi ta. Kada ka karɓi bizar Sin da wuri, mai shiga ɗaya galibi wata uku take. Fasfo ya rage da aƙalla wata shida da shafuka farare, ka riƙe katin rigakafin shawara tare da shi. Kuma ka shigo Yamai kwana biyu kafin tashi. In motarka ta makara tsakanin Dogon Dutsi da Doso, ka rasa jirgin farko, kamfani na iya soke sauran tikitin gaba ɗaya.

Ɗan Adar:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, ko da yake raina na ga wannan teku. Zan nemi bizar Barazil tukuna, tunda ita ce dalilin tafiyar. In ta fito, ki taimaka mini da lissafin hanyoyin biyu, ta Adis da ta Tokiyo, har da kuɗin biza da na otel, in ga bambancin jikka nawa ne. Sannan Umra fa, kafin Gwanzu ta fi ko bayanta?

Hajiyar Yantala:
Kafin, Alhaji. Ka yi ibadarka hankali kwance ba tare da tunanin kwantena ba, kuma daga Gwanzu jakarka cike za ta fito da samfur.